Ɗakin Tafo da Ban Gani Ba

Litinin, 6 ga Mayu 2024

Shekarar da aka kori baƙi na shiga ɗakin nan, lokacin da aka cika manyan motoci da mutanen unguwarmu ta Zango ana kai su iyaka, mata na kuka da tukwane a cinya. Wanda yake ciki a da wani Bayarabe ne mai sayar da atamfa. Ta tagar mota ya miƙo wa mahaifina mabuɗi. Ina saurayi, ko gemu ban fara ba. Mahaifina ya kai wa maigida, Alhaji Mukhtari, goro a zaure, aka shafa fatiha, haya ta ƙullu ke nan. A nan na koyi ɗinki, a nan na yi aure, a nan aka wanke gawar matata Mariyama aka fita da ita.

Yau jikokin Alhaji Mukhtari sun tara mu 'yan haya a tsakar gida. Sun sayar da gidan. Wanda ya saya zai rushe ya gina shaguna. Sun ba mu zuwa mako guda bayan Babbar Salla. Babbansu yana magana yana latsa waya. Ranar sunansa ni na riƙe ƙafar ragon.

Boko ban yi ba, amma ajamin nan nawa ne, zan riƙa ajiye abin da aka yi don kada gobe wani ya ce ba haka ba ne.

Laraba, 8 ga Mayu

Autata Rakiatu ta zo daga unguwarsu ta Atonsu. Tun ba ta zauna ba: "Baba, ɗaki na nan a wurinmu, Wahab ne ma ya ce in zo in faɗa maka."

Wahab mijinta ne, makanike a Suame. Ba ni da abin zarginsa. Amma tun da nake ban ga dattijon Zango da ya kwana ƙarƙashin rufin surukinsa ba, in ba wanda hankalinsa ya gushe ba. In yi tari ya ji. In shiga bayan gida ya tsaya da buta yana jira na. Ga shi wajen nasu ba ka jin kiran salla, sai gangar coci. Na ce mata ɗakina zan nema, ko kamar akurki ne, in dai ladan zai tashe ni.

Ta ce wannan taurin kan shi ya tsufar da uwarta. Ta ajiye min koko da ƙosai ta tafi. Ban sha ba sai da ya huce.

Asabar, 11 ga Mayu

Na taka unguwar Aboabo, na taka Asawase neman ɗaki. Yanzu ba ka ganin maigida sai ejen, yara masu ƙaramar jaka a hammata. Wai sai ka biya kuɗin gani kafin ma su nuna maka ƙofa. In ka gani ya yi maka, adbans, wato ka biya hayar shekara biyu tun kafin ka shiga. Ɗaya ya kai ni wani ɗaki a bakin kwata, bangon ya jiƙe har gwiwa, yana ce min "Baba, iska na shiga sosai." Na tambaye shi ɗan wane ne. Ya ce me ya haɗa wannan da ɗaki.

Ƙafafuna.

Talata, 14 ga Mayu

'Yan ɗakin ƙofar gida sun kwashe yau. Ba su yi min sallama ba, ko kuwa ina masallaci.

Juma'a, 17 ga Mayu

Allah ya kawo sauƙi ta inda ban zata ba. Na je sadakar arba'in a Sabon Zango, an kira ni in warware musu dangin mamacin ta wajen uwa, don yaran ba su san waɗanda za su kai wa abinci ba. Ina cikin lissafa musu sai wani matashi ya durƙusa ya gaishe ni. Ina ganin goshinsa na ce, kai jinin Alhaji Shakiru mai goro ne na Tafo. Ya yi dariya ya ce jikansa ne, Sadick. Na faɗa masa sunan kakarsa da garin da aka auro ta, da yadda Alhaji Shakiru yake sauke fatake daga Sakkwato ya ba su ɗaki da abinci wata da watanni bai taɓa tambayar ko sisi ba sai sun sayar. Rabin wannan bai sani ba.

Shi ke kula da gidan Tafo yanzu. Da ya ji halin da nake ciki sai ya ce, "Kaka, akwai rum ɗaya zai zama fri ƙarshen Yuni. Ga famfo a gida, ga masallaci a bayan katanga. Amma mutane na damu na a kai. In kana so ka kawo kuɗin kamu in riƙe maka."

Gidan Alhaji Shakiru. Na san zauren, na taɓa cin tuwo a ciki.

Litinin, 20 ga Mayu

Na sayar da keken ɗinki. Ido ya riga ya ƙi zare tun bara, ajiye shi kawai nake. Wurin da ya tsaya a ƙasa ya yi fari.

Talata, 21 ga Mayu

An gama. Bayan la'asar a ƙofar masallacinmu, ni da Sadick da Mutaru abokina a matsayin shaida. Na ƙulle kuɗin keken gaba ɗaya a hankici tare da goro fari, na miƙa da hannu biyu yadda mahaifina ya yi. Ba a kwance ba, ba a ƙirga ba. Ba a yi wa ɗan mutunci ƙirge a bakin masallaci kamar ana sayen doya. Mutaru ya ja fatiha muka shafa.

Yaron ya ciro biro wai zai rubuta min risit. Raina ya ɓaci. Na ce mayar da abinka, ni da kakanka ba takarda tsakaninmu, kada ka zage ni. Ya mayar.

Muna komawa Mutaru ya ce, "Tela, ɗakin fa, ka leƙa shi?"

Na ce fataken da suka sauka gidan Alhaji Shakiru wa ya taɓa cewa a nuna masa ɗaki tukuna? Maigida ya ce ga masauki, ka ce na gode. In ka ce sai ka gani, ka ce gidansa bai isa ba ke nan. Mutaru ya ce fataken nan duk suna maƙabartar Tafo, su ma ba su leƙa ba kafin su shiga. Bakinsa ba ya tsufa.

Alhamis, 23 ga Mayu

Rakiatu da Wahab sun zo tare. Sadick ya tura wa Wahab takardar yarjejeniya ta waya, don Wahab ɗin ne zai biya adbans. Wannan ban so rubutawa ba. Rufinsa na ƙi, kuɗinsa kuwa na yi shiru. Na sani.

Wahab yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ce takardar ta ce shekara biyu, alhali a saninsa doka ba ta yarda a karɓi fiye da wata shida ba. Ya ce kada in dangwala yatsa a kan komai sai an ga ɗakin. Sannan a hankali: "Baba, da kuka shafa fatiha, an faɗi abin da zai faru da kuɗin kamun in ba a shiga ɗakin ba?"

Na ce ba a faɗa ba, don za a shiga.

Rakiatu ba ta da irin ladabinsa. "Ba risit, ba ka ga ɗaki ba, ka sayar da keke. Baba, ko tumatir sai na juya shi nake saya." Na ce gidan Alhaji Shakiru ba tumatir ba ne. Wahab ya ce shi zai je Tafo ya duba a madadina. Na hana. Na ce duk wanda ya je leƙen ɗakin nan da sunana ban yafe ba.

Sun tafi ba su ci abincin da na sa aka sayo ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Ruwa tun safe. Sun fara cire kwanon ɗakunan da aka bari, ruwa na zuba ciki yana biyowa ta ƙarƙashin bangona. Na ɗora akwati a kan bulo.

Na sa Mutaru ya kira min Sadick a waya in ji ko zan iya fara kai kaya. Ya ce ba yanzu ba, akwai ɗan gyara. Na ce fenti ne? Ya ce e, kusan haka.

Asabar, 1 ga Yuni

Saura mu ɗaki uku a gidan.

Talata, 4 ga Yuni

An yi rasuwa a Tafo, tsohon direban motar goro. Na hau tirotiro, motar haya, na je jana'iza. Da aka watse ƙafata ta kai ni layin gidan Alhaji Shakiru. Ba duba ɗaki na je ba. Gaisuwa na shiga, mutum ba ya wuce gidan da ya ci tuwo.

Zauren nan an raba shi biyu an yi shagon caji. Na yi sallama a tsakar gida, wata mata mai wanki ta amsa. Na ce ina ɗakin da ake gyara? Ta ce ba ɗakin da ake gyara a gidan nan. Na ce wanda zai zama babu kowa ƙarshen wata. Ta dube ni, ta nuna da haɓa can kusurwa.

Labule ne a ƙofar, da takalmi ƙafa ɗaya da sanda.

Ajara ce. Matar marigayi Iddi wanzami. Ni na ɗinka babbar rigar da ya ɗaura aurenta da ita, shuɗiya, aska biyu. Ta tsufa, ƙafar hagu ta kumbura kamar turmi, tana zaune tana ƙulla gyaɗa a leda. Ta gane ni kafin in gane ta.

"Tela? Kai ne da ranka? Shigo mana, ka tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Ta ba ni ruwa a kofin silba. Muka yi gaisuwar mutuwa, nata da nawa. Sannan ta fara ba ni labari, don ba ta da wanda za ta ba. Tun zamanin Alhaji Shakiru suke ɗakin, shi ya ba Iddi da bakinsa, da goro da fatiha. Wata-wata take biya, ba ta taɓa tsallakewa ba. Bana jikan ya ce sabon farashi, kuma shekara biyu a dunƙule. Ta ce ina za ta samo, daga gyaɗa? Ya ce to ta fita ƙarshen Yuni, don har wani ya biya kuɗin kamu.

"Wai wani tsoho ne daga Zango. Tsoho fa, Tela. Da yaro ne sai in ce bai san komai ba. Kai da ka san kowa, wane ne wannan da zai kama ɗaki da mutum a ciki?"

Na ce Zango da faɗi.

Ta ce, "In ka gano shi ka ce masa na gode."

Abin da ya fi damu na ba wannan ba ne. Tana magana idona na yawo. Ɗakin mai kyau ne. Siminti lafiya lau, taga na kallon gabas, ana kiran azahar na ji kamar a cikin kunnena. Har na auna inda gadona zai zauna, nan inda nata yake. Da kofinta a hannuna na yi wannan awon.

Na shanye ruwan na fito. Ban faɗa mata ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Ban fita ba. Na ce wa Mutaru ciwon baya.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na sami Sadick a shagonsa na waya. Ya ba ni kujera, ya aika a sayo min lemo. Na ce ba sha ya kawo ni ba. Na ce ka sa na yi ciniki a kan cinikin wata, abin da addini ya hana, kuma matar da kakanka ya saukar da bakinsa. Ba ni kuɗina.

Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Kaka, ni ban yi maka ƙarya ba. Na ce rum zai zama fri ƙarshen Yuni, kuma zai zama. Ba ka tambaye ni ko da mutum a ciki ba." Ya ce kuɗin kamu ba ya dawowa in mai kamun ne ya fasa, ko'ina haka ake yi, ya kori mutum nawa saboda ni. Ya ce gidan magada ne da yawa, kowa na jiran rabonsa, kuɗin da Ajara ke biya ko kwashe bayan gida ba ya yi. "In ba kai ba wani ne zai shiga, Kaka. Ita dai fita za ta yi."

Na ce Alhaji Shakiru da zai tashi ya gan ka.

Ya ce Alhaji Shakiru ya bar musu suna da bashin ruwa.

Lemon ya zo bayan na miƙe.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na kai magana gaban liman da dattawa biyu, a zauren liman, ba a masallaci ba don kada ta bazu. Sadick ya zo da farar riga. Bai musa karɓa ba, amma da aka ce nawa ne sai ya ambaci rabin abin da na ba shi. Na ce ƙarya ne. Aka juya ga shaida.

Mutaru ya daɗe yana murza hula a gwiwa. Ya ce, "Na ga hankici. Na ci goro. Na ja fatiha. Abin da ke cikin hankicin, tsakanina da Allah ban gani ba." Bai dube ni ba. Gaskiya ya faɗa, me zan ce masa.

Liman ya ce a yi haƙuri, duk ɗaya muke. Ya ce tunda ɗakin na nan kuma yaron bai hana ni ba, in shiga abina, kuɗin ya shiga cikin haya, ita kuma baiwar Allah jama'a za su duba mata. Wace jama'a, bai faɗa ba. Aka shafa fatiha. Hannuna ya yi nauyi wajen shafawa.

Talata, 11 ga Yuni

Dole na faɗa wa Rakiatu. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta zauna bakin gado tana kallon farin wurin da keke ya bari.

Juma'a, 14 ga Yuni

Wahab ya bar aikinsa jiya ya je ofishin haya na gwamnati ya yi tambaya, ba da sunana ba. Ya zo yau bayan masallaci ya faɗa min abin da ya jiyo. Wai maigida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da baki kawai, ko ya cire masa ƙofa, sai an bi ta ofis ko kotu an saurari kowa. Ajara in ta kai kuka za a kira Sadick. Kuɗina kuma, tunda an karɓa a kan ɗakin da ba a faɗa min da mutum a ciki ba, ana iya nema, amma ba risit, ba wanda ya ga ƙirge, sai dai in je da kaina in faɗa, a rubuta, in dangwala. Ya ce ba su yi alkawarin zai dawo ba. Ya ce maganata za ta fi amfanar Ajara fiye da ni, don ni ne shaidar cewa an sa ɗakinta a kasuwa tana ciki.

Na ce ban taɓa kai Musulmi gaban hukuma ba, ba kuma zan fara da jinin Alhaji Shakiru ba. Maganar Zango a Zango take ƙarewa.

Ya ce, "To, Baba." Kullum to, Baba. Da zai yi min gardama da na ji daɗi.

Lahadi, 16 ga Yuni

Salla. Bana ban yanka ba. Ni kaɗai na rage a gidan, ɗakunan duk sama a buɗe, awakin maƙwabta na shiga suna fita. Rakiatu ta aiko nama da tuwo. Na ci a bakin ƙofa ina kallon inda Mariyama take kafa murhu.

Talata, 18 ga Yuni

Mai gidan sabo ya turo mutum: katafila Litinin mai zuwa. An yanke wuta yau.

Sadick ma ya turo saƙo ta Mutaru. In kawo adbans kafin ƙarshen mako in dangwala a yarjejeniya, ya rage min zuwa shekara ɗaya saboda girman kakansa. Kafin Ajara ta fita zan iya ajiye kaya a shagon zaure in kwana nan. In ban kawo ba ya ba wani, kuɗin kamu kuma ya tafi.

Na zauna na yi ta juya abin. Fita za ta yi ko da ni ko ba ni. Ba ni na ƙara mata haya ba. Liman da kansa ya ce in shiga. Ina da shekarun da ba zan kwana a titi ba, kuma keken nan shi ne duk abin da na tara. Tana da 'ya a Tamale, an ce.

Duk wannan gaskiya ne. Na jera su sun tsaya.

Laraba, 19 ga Yuni

Na aika wa Wahab ya shirya adbans na shekara ɗaya. Rakiatu ta kira wayar Mutaru tana son magana da ni. Na ce ina alwala.

Juma'a, 21 ga Yuni

Ajara ta sani.

Mutaru ya je Tafo gaida 'yar'uwarsa, matar nan mai wanki ta tare shi ta ce Ajara na kira. Ashe tun ranar zauren liman magana ta isa can. Ya ce ya same ta ta ɗaure kwanukanta a buhu, gyaɗar ma ta daina ƙullawa. 'Yar Tamale ta rasu shekara uku ke nan, ban ji ba. Ni da ake cewa na san kowa.

Na ce ta zage ni? Ya ce da ta zage ka ai da na faɗa maka da daɗi.

Ga saƙon, yadda ya kawo shi: "Ka ce wa Tela kada ya sa gado ta wajen taga, tana yoyo in ruwa ya zo da iska. Ƙofar kuma sai ya ɗan ɗaga ta kafin mabuɗi ya juya. Layin famfo da sassafe ya fi sauƙi. Shi ke nan."

Mutaru ya miƙe ya ce, "Tela, ni dai na isar." Ya tafi.

Asabar, 22 ga Yuni

Wahab ya kawo kuɗin a ambulan. Na ce ya riƙe tukuna.

Lahadi, 23 ga Yuni

Yaran garejin Wahab sun zo da mota sun kwashe gado da akwati da buhun littattafai. Atonsu aka kai. Ajiya ce, na faɗa wa Rakiatu, kaya ba sa zama a titi. Ta ce ta sani. Wai ɗakin da suka ware min yana da ƙofarsa ta waje, ba sai na bi ta falonsu ba, kuma akwai wani ɗan masallacin Mosawa bayan gidan mai, in iska ta juyo ana ji. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa.

Tabarma da buta da wannan littafi suka rage. Yau a nan zan kwana.

Keken ya tafi, na san wannan. Ko 'yan ofishin haya sun kira Sadick rabi zai ce, rabin ma sai ya ga dama. Liman zai ji haushi, za a ce Alidu Tela ya tsufa ya kai jikan Alhaji Shakiru gaban hukuma. Su faɗa. Ba kai ƙara zan yi ba, abin da ya faru zan faɗa, aikina ke nan tun da can. In sun ce sai da yatsa, yatsa ne kawai.

Gobe da safe in na idar da asuba ba zan tsaya ganin katafila ba. Wahab zai zo da tasin abokinsa, don ƙafar Ajara ba za ta hau tirotiro ba. Tafo za mu fara, daga nan ofis, in ta yarda ta bi mu. Abin da zan ce mata ban shirya ba. Zan yi sallama in tsaya a bayan labule har sai ta ce in shiga.